Esin taga mai inbata da na gargajiya: wanne ya dace da ɗakin kwana?

Malam, ka ce kana son sa na'urar sanyaya ɗaki ta taga a ɗakin kwananka, za ta riƙa kwana a kunne, kuma mai sayarwa ya nace sai ka ɗauki mai inbata duk da ta fi tsada. Kana tambaya ko ƙarin kuɗin zai dawo ta ragin kuɗin wuta, ko daɗin baki ne kawai. Ga irin amfanin da ka ambata, ɗauki mai inbata. Amma ba kowa zan ba wa wannan shawara ba.

Bambancin duka yana wurin kwamfureso, wato injin da ke matsa gas ɗin sanyi, wanda shi ke cin mafi yawan wutar. A esin gargajiya kwamfureso gudu ɗaya ya sani. Ko ya tashi da cikakken ƙarfi, ko ya mutu. Ɗaki ya yi sanyi, ya tsaya; zafi ya ɗan dawo, ya sake tashi da wannan ƙarar da ke farkar da mai barci. Mai inbata kuwa yana da fanel a ciki, wato allon lantarki, da ke sarrafa saurin kwamfureson. Idan ka kunna, yakan taso a hankali har ya kai ƙarfinsa, da zarar sanyi ya kama sai ya sassauta ya ci gaba da juyawa kaɗan-kaɗan. Kamar direbobi biyu ne a hanya ɗaya: wannan yana taka totur zuwa ƙasa sannan ya danne birki, wancan ya riƙe gudu daidai. Ka san wanda zai fi ƙona mai. Fasahar ma ba sabuwa ba ce, kamfanin Toshiba na Japan ya fitar da esin gida mai inbata tun 1981, shigarta cikin na taga ce ta yi jinkiri.

To nan ne nake so ka tsaya ka duba da kyau, domin nan mutane ke yin asara. Mai inbata yana rage cin wuta ne a lokacin da ya sassauta. In bai samu damar sassautawa ba, ka biya kuɗin abin da ba za ka mora ba. Ɗakin da ake buɗe ƙofarsa kowane lokaci, ko gefen tagar da aka bar shi da kafa iska mai zafi na shigowa, ko na'urar da ta yi wa ɗakin ƙanƙanta, duk za su sa shi gudu da cikakken ƙarfi yini guda, cin wutarsa ya kusanci na gargajiya. Haka wanda ke sa rimot a kan digiri 16 kullum. Da wuya ɗaki ya sauka zuwa 16 a lokacin zafi, don haka kwamfureso zai yi ta bin abin da ba zai cim ma ba. Ka sa shi tsakanin 24 da 26, ka haɗa da fanka in kana so. A Indiya tun farkon 2020 doka ta sa sabbin na'urori su zo a saite a kan 24, saboda wannan dalili. Kai da za ka rufe ƙofa ka kwanta awa bakwai ko takwas, ga dare na ƙara sanyi, kai ne wanda inbata ta fi yi wa rana. Wanda zai kunna awa ɗaya da rana ya kashe, na gargajiya ya ishe shi.

Kada ka dogara da bakin mai sayarwa, karanta takardar da ke jikin na'urar. Za ka ga BTU, wato ƙarfin sanyayawa, da EER ko CEER, wato yawan sanyin da take bayarwa a kan kowane wat. Lissafin ba wuya: na'ura mai BTU 12,000, wadda a kasuwa ake kira doki ɗaya da rabi, in EER ɗinta 10 ne, wat 1,200 take ja. In 15 ne, wat 800. Kashi ɗaya cikin uku ke nan ya ragu, kuma masu inbata na taga masu kyau suna kaiwa wajen 15. Girman kuma ya dace da ɗakin, ana ƙiyasta wajen BTU 215 ga kowace murabba'in mita, a ƙara in rana na dukan bangon. Babbar na'urar gargajiya a ƙaramin ɗaki takan sanyaya da sauri ta mutu kafin ta tsotse danshi, sai ka ji ɗakin da sanyi amma jiki na danƙo. Mai inbata ya fi yafe irin wannan kuskure.

In da janareta ko sola za ka yi amfani, tazarar ta ƙara faɗi. Kwamfureson gargajiya a lokacin tashi yakan fizgi wuta ninki da yawa na abin da yake ci in yana tafiya, shi ya sa fitilu ke dusashewa, janareta ya yi nishi. Mai inbata ba ya wannan fizga. Sai dai babu batir a cikinsa, wuta ta ɗauke shi ma ya tsaya.

Inda na gargajiya ya yi masa fintinkau shi ne gyara. Kayan cikinsa kaɗan ne, sau da yawa kafasito, ɗan abin da ke taimaka wa kwamfureso tashi, shi ne ke mutuwa, kusan kowane mai gyara zai canza shi nan take. Fanel ɗin inbata kuwa ba ya son wuta mai hawa da sauka, in ya ƙone da tsada, wani lokaci ma samunsa aiki ne. Don haka kafin ka biya, tambayi garantin fanel ɗin daban da na kwamfureso, domin yawanci ba tsawonsu ɗaya ba, ka kuma sa masa abin kariya daga hawan wuta.

Wajen ƙara babu gardama, mai inbata ya fi shiru, ko da yake duk na taga kwamfuresonsa na nan kusa da kai, ba zai kai na bango mai rabi a waje ba.

Kowanne ka ɗauka, a ɗan karkatar da bayansa ƙasa yadda littafinsa ya nuna, don ruwa ya zuba waje. Ruwan da ya kwanta a ciki yana kawo fumfuna. A 2025 an janye esin taga na kamfanin Midea kusan miliyan 1.7 a Amurka kan wannan matsala. A toshe gefunan tagar sosai, ka kuma riƙa cire filta kana wankewa duk bayan mako biyu zuwa wata guda, ka bari ta bushe kafin ka mayar.