Wata bakwai da tiyon ɗigo-ɗigo a garkar bayan ɗakina

Na tashi a Tahoua a gidan da ba a sayen ganyen miya, sai dai a zagaya bayan ɗaki a tsinko. Da aure da aiki suka kawo ni Yamai, sau biyu ina kafa ƴar garka tana mutuwa, kuma duka biyun rashin ban ruwa ne ya kashe ta. Ƙarfe bakwai na safe ina hanyar kai yara uku lakwal, in wuce wurin aiki, in dawo ga tukunya tana jira. A ina zan samu lokacin jidar bokiti? Shi ya sa a ƙarshen Oktoban bara na sayi kayan ban ruwan nan na ɗigo-ɗigo, wanda masu garka ke kira gut-a-gut.

Dabarar ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan, cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, ta daɗe tana koya wa manoman rani ita. Nawa ƙarami ne: layi huɗu na siririn baƙin tiyo, kowane mita 5, da ƴar ƙofa duk bayan santimita 30, sai matatar ruwa da makunni. Ba inji, ba lantarki. Ana ɗora mazubin ruwa sama kamar mita ɗaya, nauyin ruwan shi ke tura shi. Abin da mai shagon bai gaya mini ba, mazubin da abin ɗora shi ba sa cikin kwalin. Sai da maigida ya je kasuwar Katako ya sayo tano mai lita 200, wanda ƴan uwanmu na Najeriya ke kira duro, muka kira magini ya jera masa bulo. Mai niyyar saye ya sa wannan a lissafinsa tun farko.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kam, madalla. Da dare, lokacin da famfo ke da ƙarfi, nake cika tanon, ya yi mini kwana biyu. Da safe babbar ɗiyata mai shekara tara ita ke murɗa makunni kafin ta sa takalmi, ta duƙa tana kallon yadda ƙasa ke yin baƙi-baƙi a gindin kowace shuka, kamar an jera faifai. Salati, tumatir, yakuwa, da zogale a jikin katanga. Ranar da muka fara cire salati, autana da ko ganye ya gani a kwano sai ya ture, shi ya wanke da hannunsa ya ce, "Mama, wannan nawa ne, ni na shuka." Ya cinye tas. Ni kuma na samu wani ɗan lokaci da ban san ina bukatarsa ba: bayan Magariba in zauna kan kujera ƴar tsugune kusa da tumatir, ƙamshin ganyensa yana hannuna, ba mai kira na na minti goma. Ciyawa ma ba ta dame ni ba, tunda tsakanin layuka a bushe yake.

Matsala ta farko toshewa ce, kuma ita ce babba. A sati na biyar na ga salatin ƙarshen layi ya langaɓe alhali na kusa da tano yana sheƙi. Na bi tiyon da yatsa, ƙofa shida ba ɗigo ko ɗaya. Mun bar bakin tanon a buɗe, rana ta shiga, gansakuka ta fito, ga ƙurar hunturu ta kwanta a ƙasa. Yanzu yana da murfi, ina wanke matatar duk Asabar da tsohon buroshin haƙori, in kwance ƙarshen layukan ruwa ya wanke cikinsu. Aikin minti goma sha biyar ne, amma in aka tsallake sati biyu shuka za ta nuna.

Albasa ce ta fi ba ni ciwo. Gwaggona ta aiko mini da dashen ƴar Galmi tun daga gida, na dasa da murna. Ita albasa kusa da kusa ake dasa ta, ƙasar gidanmu kuwa rairayi ce, ruwa yana nutsewa ƙasa maimakon ya bazu gefe. Wadda ta dace da bakin ƙofa ta yi kai, ta tsakiya ta tsaya kamar lawashi. Da na san haka da na cakuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen takin awaki sosai kafin dashe. Ƙadangaru kuma sun aske mini yayyafin farko, sai da na rufe da tsohon gidan sauro.

Da Afrilu ya shigo, zafi ya haura digiri 40, tumatir ya dinga zubar da fure duk da gindinsa a jiƙe yake. Wannan ba laifin tiyon ba ne, tumatir ba ya ɗaure ƴaƴa a irin wannan zafi. Tanon ya koma kusan ƙarewa a rana ɗaya, ga famfo yana yawan ɗaukewa, kuɗin ruwa ya motsa. Na tuge tumatirin na bar zogale kaɗai, shi kuwa ko a jikinsa. Har yau muna kwaɗonsa da ƙuli-ƙuli sau biyu a sati.

Uwar da safiyarta ta cika kamar tawa, in tana da ɗan fili da rana ke samu, ina ba ta shawara ta saya, ta fara a Nuwamba da salati da zogale. Ni na naɗe layi uku na ajiye a inuwa kada rana ta cinye robar, na kuma yi magana da mai awakin unguwarmu ya tara mini taki buhu huɗu kafin sanyi ya dawo, don albasar gwaggo zan sake gwadawa.