AJOL, Rumbun Mujallun Binciken Afirka

Ɗalibin da ke rubuta kundin digiri kan ƙwayoyin cuta ko likitanci zai amfana ƙwarai da shafin intanet na AJOL (African Journals Online), wanda aka buɗe a 1998 domin tattara mujallun bincike na Afirka, ciki har da mujallar kimiyya ta Jami'ar Bayero da ke Kano. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake samun nazarin da aka gudanar a asibitocinmu da kasuwanninmu, kamar gwajin tsabtar ruwan leda, wanda manyan mujallun Turai ba kasafai suke waiwayarsa ba. Sai dai wasu maƙalun taƙaitawarsu kaɗai ake karantawa kyauta, kuma mujallun zanen gine-gine da na lissafi ba su kai na lafiya yawa ba.