Wata uku a hannun jami'ar haɗi: sharhi kan tsarin da likita ke tura mutum cikin jama'a a Ingila

A Ingila, kusan minti goma ne rabon mutum a gaban GP, wato likitan unguwa. Minti goma ya isa a auna hawan jini a rubuta ƙwaya. Bai isa a saurari dattijuwar da ta kwana uku ba ta yi magana da kowa ba, ko magidancin da barci ya ƙaurace wa saboda takardun bashin gas da lantarki. Don irin waɗannan ne hukumar lafiya ta NHS ta rungumi tsarin da suke kira social prescribing, inda ake haɗa mutum da wani abu da ke gudana a unguwarsu. Na bi tsarin daga farko har ƙarshe, na kuma raka wata gyatuma a nata ina yi mata tafinta. A kan haka nake yanke hukunci.

Cibiyar Bromley by Bow da ke gabashin Landan, wadda aka kafa a 1984, ta daɗe tana irin wannan aiki. A 2019 ne NHS ta mayar da shi na ƙasa baki ɗaya, ta yi alkawarin ɗaukar jami'ai 1,000 a zubin farko, da burin tura mutum 900,000 zuwa 2023/24. Jami'in shi ne link worker a bakinsu, ni kuma ina ce masa jami'in haɗi. Yawanci asibitocin unguwa da yawa ne ke tarayya a kan jami'ai ƙalilan, a rukunin da ke kula da mutum 30,000 zuwa 50,000. Wannan lissafin kaɗai ya isa ya gaya maka dalilin jira.

Shiga ba ta da wuya, kuma kyauta ce. Likita ko nas ko ma'aikacin teburin karɓar baƙi na iya tura sunanka, a wurare da yawa ma kai da kanka za ka iya nema. Ni mako uku na jira. A nan mutane da yawa ke faɗuwa tun ba a fara ba: sau da yawa kiran farko da ɓoyayyar lamba yake zuwa, mu kuma mun saba ƙin ɗaukar irin wannan kira. Idan aka kira sau biyu ko uku ba a same ka ba, sai a rufe fayil. Ka roƙa tun ranar farko a rubuta cewa a fara turo maka saƙon tes.

Zaman farko shi ne abin da ya fi burge ni. Kusan awa guda ne, ba farar riga, ba abin awo. Tambayar da jami'ar ta buɗe da ita ita ce, me ya fi muhimmanci a wurinka yanzu? Tsarin ya yarda cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Daga nan ta fito da takarda mai tambayoyi huɗu, kowacce ana ba ta maki daga 0 zuwa 10: gamsuwarka da rayuwa, ko kana ganin abubuwan da kake yi suna da amfani, farin cikinka jiya, da fargabarka jiya. Gyatumar da na raka, ana gama fassara mata ta farko ta gyara mayafi ta ce, "Alhamdu lillahi, ai sai godiya." Jami'ar ta riƙe biro tana jiran lamba. Sai da na ce, "Hajiya, ba butulci ba ne, awo ne kamar na jini," sannan ta ce uku. Wanda ya yi kara ya ba kansa takwas, to taimakon mai takwas za a tsara masa.

Ana ƙarewa da ɗan tsari a rubuce, abu biyu ko uku da za a sa a gaba. Kada ka yarda a cika shi da abu bakwai, ba za a yi ko ɗaya ba.

Inda na ga tsarin ya fi cin kuɗinsa shi ne harkar takardu. Jami'in haɗi ba lauya ba ne, amma ya san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa: Citizens Advice don bashi da haya, Age UK don tsofaffi, sashen gidaje na ƙaramar hukuma idan bango ya yi danshi ya fara furfura. Fom ɗin Attendance Allowance, kuɗin da ake ba tsohon da ke buƙatar kulawa, ya kai shafi talatin ko kusa, kuma yawancin masu cika shi su kaɗai suna rage wa kansu ciwo, su rubuta yadda suke a ranar da jiki ya yi daɗi. Wanda ya san aikin zai tambaye ka minti nawa kake ɗauka kafin ka fito daga wanka, sau nawa kake tashi da dare. Gargaɗi ɗaya ga masu biza: idan takardarka ta hana ka cin tallafin gwamnati, ka faɗa tun zaman farko. Ganin jami'in haɗi ba ya cikin abin da aka hana, amma neman Universal Credit, wato tallafin kuɗin da gwamnati ke ba marasa aiki da masu ƙaramin ƙarfi, da makamantansa yana ciki, kuma kuskure a nan na iya taɓa zamanka a ƙasar.

Sai rakiya. Bambancin jami'i nagari da mai raba takardun talla shi ne, nagari zai ce, "Ranar Talata ƙarfe goma mu haɗu a bakin ƙofa." Wanda ya yi wata shida a ɗaki ba zai tura ƙofar zauren da bai san kowa ba don an ba shi adireshi. Ba kowane jami'i ke tayin rakiya ba, amma tana cikin aikinsu, ka tambaya.

Abubuwan da ake tura mutum sun danganta da unguwa: ƙungiyar tattaki, lambun haɗin gwiwa, ajin Turanci, ajin girki, zauren shan shayi, ko Men's Sheds inda maza ke aikin kafinta suna hira. Akwai parkrun, gudun kilomita 5 duk Asabar ƙarfe tara na safe, kyauta, kuma tafiya ma ta wadatar, akwai mai sa kai da ke bin bayan kowa don kada wani ya zama na ƙarshe. Kafin ka amsa, ka yi tambayoyin da ba za su zo wa jami'in a rai ba. A ina ake taron, don wasu ƙungiyoyin maza a mashaya suke haɗuwa? Ya ci karo da Juma'a? A watan Disamba magariba na yi wajen ƙarfe huɗu, akwai wurin salla? Idan iyo ne, na mata zalla ne, kuma mai tsaron wurin mace ce?

Aibin tsarin babba ɗaya ne, sauran duk 'ya'yansa ne. Kuɗin NHS albashin jami'in yake biya, ba ya bin mutum zuwa ƙungiyar da aka tura shi. Ƙananan ƙungiyoyin nan da tallafin shekara-shekara suke numfashi. Ajin motsa jiki ɗaya da aka tura ni, na tarar da takarda manne a ƙofa cewa an rufe shi tun wata biyu, sunansa kuwa yana nan a jerin jami'ar. Unguwar da ta fi talauci ita ta fi buƙata, kuma sau da yawa ita ce mai ƙarancin wuraren turawa. Kuɗin bas ma na hana wasu zuwa, ba kuma kowa ke iya buɗe baki ya faɗa ba. Tafintan Hausa ta waya ana samu, amma sai an nema da wuri, kuma ba ya bin ka cikin ajin.

Wa'adin ma gajere ne. Ƙa'idar ita ce haɗuwa ko waya sau 6 zuwa 12, galibi cikin wata uku. Ga matsalar fom ya isa. Ga kaɗaicin da ya shekara biyar, lokacin da mutum ya fara sakin jiki ne ake ce masa an zo ƙarshe.

Ba na kuma yarda da masu zuzuta shi kamar maganin komai. Masu bincike na Jami'ar York sun duba rahotanni 15 a 2017, suka ce yawancinsu ƙanana ne, ba a kwatanta da waɗanda ba su shiga tsarin ba, don haka hujjar ba ta yi ƙarfi ba. Jami'in haɗi ba ya gano cuta, ba ya canza magani. Mai shan ƙwayar suga ko ta damuwa ya ci gaba da sha. Wanda ke tunanin cutar da kansa lambar gaggawa ta 999 ko layin NHS na 111 zai kira, ba jiran mako uku ba.

Idan maki zan bayar irin nasu, bakwai ne cikin goma, ukun kuma a ƙofar ajin nan da aka rufe suka zube. A zaman ƙarshe za a sake fito da takardar tambayoyi huɗun a kwatanta da ta farko. Kafin ka tashi, ka sa a rubuta maka suna da lambar mutum ɗaya a kowace ƙungiya, ka kuma tambayi yadda ake sake buɗe fayil ba tare da an koma layin GP ba.