Hita mai mai a ciki da filogi mai auna sanyi: yadda suka tsare mana motar tsere a tirela

Yaran da suka koyi aiki a hannuna a Magazin ɗin Suame, unguwar makanikai ta Kumasi, waɗanda Allah ya kai su Amurka da Kanada, sukan neme ni a WhatsApp da zarar sanyi ya kama can. Masu aiki a garejin da ke kula da motocin tsere tambayarsu guda ce: "Masta, mota za ta kwana cikin tirela a waje, an ce ƙanƙara za ta sauka da dare, wace hita zan saya?" Na yi shekaru ina wannan aikin a Kolumbus ta jihar Ohayo kafin in dawo Kumasi, don haka zan faɗi abin da na yi amfani da shi, da inda ya biya ni, da inda ban yarda a dogara da shi ba.

Wanda bai bar unguwanninmu na Aboabo ko Asawase ba zai ce, to ba sai a zuba kulan, wato ruwan sanyaya inji mai hana daskarewa, a lagireto a huta ba? A motar gida haka ake yi. Kulan mai sinadarin gilaikol, idan aka haɗa shi rabi da rabi da ruwa, ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 37 ƙasa da sifili a ma'aunin Salsiyos. Amma filayen tsere da dama sun hana shi, domin idan tiyo ya fashe ya zube a kan kwalta santsi gare shi ƙwarai, kuma wanke shi aiki ne. Motar da ke biye da kai a guje ita za ta kwashi wahalar. Shi ya sa masu tsere suke zuba ruwa zalla, su ƙara masa ɗan magani irin su Water Wetter. Maganin yana taimaka wa ruwa ya kwashi zafin inji, yana rage tsatsa, amma ba ya hana daskarewa ko kaɗan. Yara da yawa ba su san wannan ba, suna ganin ruwan ya canza launi sai su ɗauka an gama.

Ruwa idan ya daskare yakan kumbura da kusan kashi 9 cikin 100. Duk wanda ya manta da kwalbar ruwa cike fal a firiza ya ga yadda take tsagewa. A cikin inji kuwa abin da ke tsagewa shi ne lagireto, ko kan silinda, ko bulok ɗin kansa. Wani lokaci ana sa'a ƙananan murafen da ke jikin bulok su fita, wani lokaci ƙarfen ne zai buɗe daga ciki, ba za ka sani ba sai ka ga mai ya zama fari kamar koko. Injin tsere da aka kashe masa dubban daloli zai iya mutuwa a dare guda ba tare da an tayar da shi ba.

Abin da muka saya abubuwa biyu ne. Na farko hitar lantarki mai mai a rufe a cikinta, mai haƙarƙari irin na lagireto da ƙananan tayoyi. Ƙarfinta wat 1,500, kuma kuɗinta bai kai dala 100 ba lokacin da muka saye ta. Na biyu ɗan filogi ne da ake kira Thermo Cube, wanda ake soka shi a soket sannan a soka hitar a jikinsa. Samfurin da muka ɗauka yana ba da wuta idan sanyi ya sauko digiri 35 a ma'aunin Farenhait, wato kusan 2 a ma'aunin Salsiyos, ya yanke ta idan ɗumi ya kai 45, wato kusan 7. Manoma sukan saye shi don kada ruwan dabbobinsu ya daskare, amma ya dace da aikinmu sosai.

Mun fi amfani da su a farkon lokacin tsere da ƙarshensa, watau Afrilu da Oktoba, musamman idan za mu je filin tsere na Mid-Ohio da ke Lexington, tafiyar kamar awa guda arewa da Kolumbus. A waɗannan watanni da rana za ka iya aiki da riga ɗaya, da asuba kuma ka tarar da ciyawa ta yi fari. Akan ɗora mota tun jajibiri, an riga an zuba mata ruwan tsere, don a kama hanya kafin gari ya waye. Wannan daren shi ne matsalar.

A irin wannan daren hitar ta yi abin da aka saye ta dominsa. Nakan rataye ma'aunin zafi mai riƙe mafi ƙarancin abin da ya gani a kusa da lagireto, in duba da safe. A daren da waje ya sauka 'yan digiri ƙasa da sifili, cikin tirelar bai taɓa taɓa sifili ba. Abin da na fi so da ita shi ne ba ta da harshen wuta, ba ta da wayar da ke yin ja, ba ta da fanka mai hura ƙura. Ɗuminta a hankali yake fita, kuma ko filogin ya yanke wuta man da ke ciki yakan riƙe zafi na ɗan lokaci. Tana da makunnin da ke kashe ta idan ta faɗi. Filogin kuma ya rage mana kuɗin wuta, domin da hitar za ta kwana a kunne awa goma da ta ci yunit 15, alhali yawancin dare ba a bukatarta sai can wajen asuba.

Sai dai tirela ba ɗaki ba ce. Jikinta gwangwanin alminiyom ne da ɗan siririn katako, rufinta ma haka. A daren da sama ta yi garau babu gajimare, rufin yakan fi iskar waje sanyi, yana zuƙe ɗumin da kake biya. Sai da muka manna faifan soso mai tauri a rufi da bango, muka toshe bakin babbar ƙofar baya, sannan hitar ta daina aiki babu hutu. Nakan buɗe bonet don ɗumi ya isa ga inji. Filogin kuma ina ajiye shi ƙasa, nesa da hitar, domin idan ya kusance ta zai ji ɗumi ya yanke wuta alhali gaban motar yana cikin sanyi. A tsakiyar Janairu kuwa, lokacin da sanyin Ohayo ke kai maƙura, kada wani ya yaudare ka: wat 1,500 ba za su riƙe doguwar tirela ba.

Ga masu saye, ku nemi mai maɓallin murɗawa da hannu. Masu allon lamba suna da kyan gani, amma yawancinsu idan wuta ta ɗauke ta dawo ba sa tashi da kansu, sai an danna. Irin wannan ba ta da amfani a bayan filogin da aikinsa ke nan, kashewa da kunnawa. Wayar da za ka ja daga gareji ma ta zama mai kauri, lamba 12 a ma'auninsu na can. A wutar Amurka mai bolt 120 wannan hita tana jan amfiya 12.5, layin gida kuma sau da yawa 15 yake ɗauka. Ka haɗa ta da cajar batir ko kwamfuresa a layi ɗaya, bireka ta faɗi da tsakar dare, kai kana barci. Kuma don Allah kada wani ya aiko da irinta gida Gana a kwantena, wutarmu bolt 230 ce, ƙonewa za ta yi.

Batun fetur shi ne ya fi damuna, kuma a kansa nake ɗaga wa yara murya. Tururin fetur ya fi iska nauyi, a ƙasa yake kwanciya, daidai inda hitar take zaune. Ko da ba ta da harshen wuta, makunninta yana iya yin ɗan tartsatsi lokacin da yake kamawa. Don haka jarkokin mai waje suke kwana. Idan na buɗe tirela na ji warin fetur, ba na kunna komai sai na gano inda yake yoyo. Tsakanin hitar da mota, ko tsumma, ko kwali, a bar aƙalla mita guda. Hitar gas da ta kananzir ban yarda da su ba sam a rufaffiyar tirela: suna da wuta a fili, suna fitar da iskar nan mai guba da ba ta da wari, gas ɗin kuma yana jiƙa wuri da raɓa har kayan aiki su yi tsatsa. Janareta ma a waje yake zama, nesa da ƙofa. Na san sanyi kan sa yaro ya ce bari ya ɗan kwanta kusa da mota. Ƙanena, ranka ya fi injin tsada.

Ɗumin ya amfani wasu kayan da mutum ba ya tunawa da su. Tayoyin tsere masu laushin roba suna iya tsatstsagewa idan aka motsa su cikin tsananin sanyi. Batir mai ruwa idan cajinsa ya yi ƙasa yana iya daskarewa, na litiyom kuma ba a cajinsa idan sanyi ya sauka ƙasa da sifili. Akwai kuma tankin ruwan rigar sanyaya direba, da wasu tukwanen kashe gobara masu kumfa, waɗanda tushensu ruwa ne.

Duk da haka, ni ban ɗauki hita a matsayin babban mai gadi ba. Mu da muka sha dumso, wato yawan ɗauke wuta, a Kumasi ba sai an koya mana cewa wuta ba ta da alkawari ba, kuma a can ma guguwar ƙanƙara tana karya turakun lantarki, daidai daren da ka fi bukatarta. Idan mota za ta daɗe a ajiye, ko an yi hasashen sanyi mai tsanani, to a zubar da ruwan. Buɗe ƙasan lagireto kaɗai bai isa ba, domin ruwa yana maƙalewa a cikin bulok da famfon ruwa, sai an kwance ƙusoshin da ke gefen bulok ɗin. Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne in zuba kulan na gaske, in tayar da inji ya yi zafi har ruwan ya zagaya ko'ina, in manna takarda a sitiyari mai cewa a wanke a mayar da ruwa zalla kafin a shiga fili. Aikin awa ɗaya ne ko biyu.

Saboda haka wanda tirelarsa ke kusa da soket mai ƙarfi, sanyin kuma na 'yan digiri ne ƙasa da sifili, dare ɗaya ko biyu kafin tsere, ya sayi hitar da filogin, zai ji daɗinsu. Ya ƙara da ma'aunin zafi mai aiko da saƙo a waya idan tirela ta fara hucewa. Wanda motarsa za ta yi Disamba zuwa Maris a waje kuwa, kulan ya kamata ya saya.