Hattara da mai sayar da albasar furen ruwan sama, ta ci min jika 25

Jika 25. Jika 25 wata baiwar Allah ta karɓe min a kan albasar miya, kuma har yanzu shafinta na nan a Facebook, tana zuba hotunan furanni tana kiran mata "Hajiyata". Matan Damagaram, ku karanta kafin ta iso kanku.

Furen da nake nufi shi ne ɗan ƙaramin nan ruwan ɗorawa mai buɗewa bayan an yi ruwa, masana ke ce masa Zephyranthes citrina, asalinsa daga yankunan zafi na nahiyar Amurka. Kada wani ya ce ban san abin da nake saye ba. Na san shi sarai. Na gan shi a gidan gwaggona a Kano: ganye siriri, sai a yi ruwa, bayan ƴan kwanaki gindin katanga ya cika, kowane kara da furensa guda mai kunnuwa shida. Ba ya daɗewa yake yamushewa, ya bar ɗan ƙwanso mai ɗaki uku cike da baƙin iri mai faɗi. Yana son rana, ba ya son ruwa ya kwanta masa, in rani ya yi albasarsa ta lafe a ƙasa har damina. Duk wanda ya san wahalar ruwan garin nan zai gane me ya sa na ƙwallafa rai a kansa.

Kuma ban tura kuɗi haka kawai ba. Na yi mata tambayoyi. Zurfin ramin shuka? Ta ce kada ya wuce gaɓar yatsa biyu, wuyan ya tsaya daidai bakin ƙasa. Gaskiya ne. Wace ƙasa? Rairayi da ruɓaɓɓen taki. Gaskiya ne. Sai ta turo saƙon murya, muryar babbar mace mai natsuwa: "Hajiyata, amana ce zan faɗa miki, albasar nan guba ce, ki kiyaye yara da awaki." Wannan maganar ce ta kashe min jiki, don gaskiya ce, furen yana da guba. Na ce a raina macuciya ba za ta damu da ƴaƴana ba. Har yanzu ina sake kunna saƙon nan. "Amana ce zan faɗa miki." Amana! Wa zai ji haka ya yi zargi?

Jika 20 na albasa 50. Jika 3 kuɗin mota. Washegari ta ce kaya sun maƙale a iyaka, ƴan duwan na neman jika 2. Na tura. Jika 25 ke nan cif, kuɗin adashena.

A'a, kafin ma maganar duwan ɗin, ta sa na yi magana da wani wai direba, har da ƙarar mota a bayansa. Ko bayan nan ne? Kaina ya ɗaure. Dai na je tasha na karɓi ɗan kwali, ko wace albasa an mulke ta da busasshiyar laka, da ƴar takarda a kai: kada a wanke, laka ce ke tsare ta daga zafi. A zafin bazarar Damagaram wa zai musa wannan? Na shuka su a jere a bakin katanga, ina sayen ruwa wajen ƴan ga-ruwa ina ba su da safe, ruwan da na hana kaina na wanki.

Suka tsiro da sauri, har ina murna. Sai surukata ta zo, ta duƙa ta tsinki ganye ɗaya, ta murza ta kai hanci. Ta ce, "Ƴar nan, lawashi kika jera a nan?" A gaban maƙwabciya ta faɗa. Na tono guda na kankare, warin albasa ya bugi hancina. Ganyen da rami a ciki, irin na miya. Ƙananan albasan nan ne da ake zubarwa tsibi-tsibi a Kasuwar Dole, su na saya jika 25. Baban yara bai ce min uffan ba, kuma shirun nan ya fi min faɗa ciwo.

Na tura wa mai sayarwar hoto. Ta ce in yi haƙuri sai an yi ruwan fari fure zai fito. Na ce albasa ce, Hajiya, albasa. Ta ce za ta maido min. Daga nan ta toshe lambata, lambar direban ma a kashe. Af, na manta, tun ranar da na karɓi kwalin ta nemi in turo mata ƙawayena, wai za ta yi musu ragi. Allah ya tsare ban tura kowa ba.

In za ku saya, ku kankare ku sansana: ta gaske ɓawonta duhu ne kuma ba ta warin albasa, ganyenta ba rami. Kada ku biya sai kun riƙe a hannu.

Hotunan hirarmu, rasit uku da saƙon muryar duk suna wayata, zan sa su da daddare in wuta ta dawo. Wadda ita ma aka yi wa haka ta yi min magana mu tafi komisariya tare, don jika 25 ɗina ban yafe ba.