Rigar mota tana da amfani, amma ka fara duba eriyarka

Jama'a masu ajiye mota a waje irina, rigar motar nan da ake ta tallata mana tana aiki, ban ce ba ta yi ba, amma in motarka mai eriya ce a saman rufi to akwai magana, kuma masu sayarwa ba sa faɗa maka sai dai su tambaye ka salun ce ko jif su miƙo maka leda.

Tawa Pontiac Vibe ce, wadda kowa ya sani ita da Toyota Matrix uwa ɗaya uba ɗaya suke, eriyarta tana can bayan rufi, 'yar sanda ce baƙa da ta ɗan kwanta ta baya, kamar dai ta Golf 3. Gidanmu a Kano babu rumfar mota, ƙarƙashin darbejiya nake ajiyewa, tsuntsaye su yi kashi, 'ya'yan darbejiya su faɗo su manne, ga rana ga ƙurar hunturu, shi ya sa na sayi rigar, irin mai ruwan azurfa ta waje, cikinta da laushi kamar auduga, da roba a bakin ƙasa gaba da baya da igiya guda da ake ratsawa ta ƙarƙashin mota.

Ta fannin rana da ƙura wallahi ba ni da ƙorafi. Da can in na buɗe ƙofa da azahar sitiyari ba ya taɓuwa don zafi, yanzu da sauƙi sosai, dashbod ma ya huta, kashin tsuntsu kuwa a kan riga yake tsayawa, shi da in ya bushe a kan fenti yake barin tabon da sabulu ba ya fitarwa.

Matsalar tana wajen eriya. Rigar an ɗinka ta ne a shafe, babu aljihun eriya sam, na madubi kawai aka yi mata, to in ka ja ta ta sauka har bamba sai eriyar ta tokare ta daga ciki, wajen ya yi tsini, duk nauyin rigar da jan robar nan ya taru a kan ɗan kan eriyar. Kuma iska ba ta barin riga ta zauna lafiya, musamman iskar nan da ke zuwa kafin hadari, tana kaɗa ta tana goga ta a waje ɗaya, da farko wajen ya yi fari-fari ya siraranta, daga baya ya huje, kuma irin yadin nan in ya fara yagewa ba ya tsayawa. Ita ma eriyar ba ta tsira ba, ta ɗan lanƙwashe, abin da ya fi damuna shi ne gindinta, don akwai roba tsakaninsa da rufi da ke hana ruwa shiga, in ana ta danna shi ana girgiza shi robar nan za ta saki, ranar da ruwa ya fara ɗiga ta silin mota kuwa aikin ya wuce kuɗin riga nesa.

Abin da ya warware min shi ne cire sandar. A Vibe da hannu ake yi, ka kama ta daga ƙasa ka murɗa hagu ta fito, ba sai da sifana ba, sai ɗan gindin ya rage wanda bai kai ya huda komai ba, ni ina ɗora masa tsohon tawul a ninke kafin na ja rigar. Sandar kuma ina sa ta a aljihun ƙofar direba don in gani da safe, domin in ba ka mayar ba, za ka kama Freedom Radio a 99.5 ka ji tana shuuu da zarar ka fara nisa da gari. Ramin da ake ɗaura ta shi ma a kula da shi, ƙura tana taruwa a ciki, a riƙa gogewa, kuma wajen mayarwa a bi a hankali kada haƙoran murɗin su ci juna. In taka ta riga ta lanƙwashe ana samun wata a kasuwar Ƙofar Ruwa ta nan Kano, ka tafi da tsohuwar a gwada, don ba duka bakinsu ɗaya ba.

Wanda tasa ba ta ciruwa, don Allah kada ya sa reza ya huda rigar haka kawai, zare zai yi ta zarewa kuma ruwa da ƙura ta nan za su bi. Ka kai wa mai kushin, ka sa rigar a jikin motar ya yi alama da alli daidai wajen, ya yanka ya daje bakin da leda mai kauri ya ɗinka aljihu dogo, haka aka gyara min hujin tawa kuma ɗinkin ya riƙe. Masu sababbin motoci da eriyarsu gajeriya ce mai kama da ƙayar bayan kifi su ba ruwansu da duk wannan, riga tana hayewa kanta lafiya.

Sai abu ɗaya da ba na eriya ba amma ya fi shi ɓarna, kada ka rufe mota tana da ƙura, yashin da ke tsakanin riga da fenti in iska ta motsa shi kankare fentin yake a hankali, kan rufi da kafaɗun mota za ka fara gani. Da damina ma kada a rufe ta a jiƙe, irin tawa ba ta shan iska sosai, danshi yana kwana a ciki. In zan sake saya zan nemi mai igiya biyu a ƙasa, guda ɗaya ba ta isar iskar watan Yuni, kuma zan warware ta a shagon in duba ko akwai aljihun eriya kafin in biya.