Makarantun Franco-Arabe a Garwa: yaro ya iya gaisuwa, karatun fa?

Alkawarin da makarantun Franco-Arabe (masu koyarwa da Faransanci da Larabci) masu zaman kansu ke yi wa iyaye a Garwa, Marwa da Ngaundere, a arewacin Kamaru, kusan iri ɗaya ne: ilimi da tarbiyya a kuɗi ɗaya. A ɓangaren tarbiyya galibinsu sun cancanci yabo. Kafin zango na farko ya ƙare, yaron SIL, wato ajin farko na firamare, ya iya sallama, yana durƙusa wa babba, ya san alwala da addu'ar cin abinci, yarinya ta saba da hijabi. Uba ya ga haka sai ya ce kuɗinsa sun biya.

Sai dai nan ake yawan yin kuskuren lissafi. Irin wannan tarbiyya yaro kan ɗauke ta ne ta zama da mutane: ya ga na gaba da shi sun yi, shi ma ya yi, in ya kauce a harare shi. Gida da masallaci da unguwa duk suna wannan aikin ba da ko dala ba. Abin da ake biyan makaranta dominsa shi ne yaro ya iya wani abu shi kaɗai, ba malam a kansa, ba muryar 'yan aji, kuma a kan abin da bai taɓa gani ba. A nan ne makarantun suka bambanta sosai, kuma bambancin ba ya bayyana a bakin ƙofa.

Matsalar tana farawa tun SIL. Yaron da ya tashi da Hausa ko Fulatanci ana haɗa shi da baƙin harsuna 2 a lokaci guda, Faransanci daga hagu, Larabci daga dama, ga lokacin yini an raba shi. Malamin da aji ya yi wa yawa mafitarsa ita ce bita da murya ɗaya: ya faɗa, aji ya amsa. Daga waje abin daɗin ji ne. A ciki kuwa 'yan benci na gaba ne ke karantawa, saura suna bin sauti. Yaro zai iya kai CE2, wato aji huɗu, da haka, yana rera shafi sumul alhali bai san inda kalma ta fara ba. Hadda ba laifi ba ce, da ita tsangaya ta fitar da mahaddata izu 60, amma can kowane almajiri da allonsa, malam kuma ɗaya bayan ɗaya yake biya musu. Da yawa cikin makarantun nan sun ɗauki haddar sun bar biyawar.

Gwajin ba ya buƙatar uba ya ji Faransanci. A samu wani yayan yaron da ke sakandare ya ba ɗan CP, wato aji biyu, jimlar da ba ta cikin littafin aji ya karanta, sannan ya faɗi ma'anarta da Hausa. A yi wa ɗan CE2 dikte, wato shifta, na layi 5. A Ƙur'ani, a buɗe tsakiyar surar da ya haddace a ce ya nuna kalmar da yatsa. A duba littafin rubutunsa: akwai jan biro na gyara, ko kuwa maki ne kawai a sama? Kada a dogara da takardar sakamako, domin makarantar da ke rayuwa da kuɗin iyaye ba ta son ta faɗar da ɗan kowa.

Kafin a biya kuɗi a watan Satumba a tambayi abu 3. Na farko, takardar izinin buɗewa daga ma'aikatar ilimin firamare, MINEDUB. Na biyu, yara nawa ne a CM2 (ajin ƙarshe na firamare) bara, nawa aka sa wa suna a jarrabawar CEP ta kammala firamare, nawa suka ci. Wasu kan tace masu rauni su hana su zama, sannan su yi tallan cewa kowa ya ci. Na uku, ko malamin Faransancin da ya fara shekara shi ne ya ƙare ta, don albashi in ya yi kaɗan malami kan gudu a tsakiyar zango.

Sai batun takardar haihuwa, wadda ke kayar da yara da yawa a arewacin Kamaru. Ba a rajistar CEP sai da ita, wanda kuma ba a yi masa a kan lokaci ba sai an bi ta kotu, abin da kan ci watanni. Makaranta mai tsari tun SIL take neman ta, mai sakaci kuwa sai yaro ya kai CM2 take aiko wa uba da saƙo.